Ga mai tambaya kan yaron da ƙafafunsa ke zafi kamar wuta

'Yar'uwa, na ga tambayarki kan ɗanki mai shekara bakwai da tafin ƙafarsa da hannunsa ke yin jajir, yana kuka kamar an ɗora shi a garwashi, sai ya tsoma su a ruwa yake lafawa. Allah ya ba shi lafiya. Shekara huɗu ke nan ina fama da irin wannan da 'yata.

Ki fara da gwajin sikila, don a Kano shi za a fara zargi. Amma sikila sanyi ke tayar da ita, namu kuwa zafi ne. 'Yata AA ce, ba ta da sikila. An ce iska, an ce sammu, har hayaƙi muka yi mata, ashe ƙara hura wutar muke.

Likitan jijiyoyi na yara ne ya ba mu sunan, eritromelaljiya. Ya ce akwai wadda ake gado, matsala ce a ƙwayar halitta SCN9A da aka gano a 2004, tana sa jijiyar jin zafi ta yi ta aika saƙo ba dalili. Ki nemi a tura ku asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ki tafi da hoton ƙafar lokacin da abin ya taso, don a gaban likita sai ki ga ƙafa lafiya lau, a ɗauka shagwaɓa ce.

Don Allah ki guji ƙanƙara. Kuskurena ke nan. A zafin Afrilu nakan sayo ta a maƙwabta in zuba a baho, yarinya ta kwana ƙafa a ciki. Fatar ta jiƙe ta tsage tsakanin yatsu, ta zama gyambo, muka fi wata muna zuwa wanki. Yanzu ruwan randa ne, minti biyar zuwa goma, a tsane, ta ɗora ƙafar kan filo, in kunna fanka mai caji. Safa kuwa sai da na je har ofishin hedimasta aka yafe mata.

Kada ki ba shi asfirin da kanki don an ce yana yi. Manya masu matsalar jini yake wa aiki, ga yaro mai zazzaɓi yana da haɗari. Mu sai a magani na uku ta fara barcin dare.