Filin Tambaya da Amsa: Zakka, dami nawa, kai nawa, jika nawa?

Kaka ta yi, kuma yawancin wasiƙun da suka iso mana nan Tawa a wannan wata a kan zakka suke. Amsoshin a kan mazhabar Imamu Malik muka gina su, tunda ita aka fi bi a ƙasar nan.

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Yamai. Yaushe aka wajabta zakka, kuma wa ya yanka waɗannan adadin da muke ji a bakin malamai?

Amsa: Ɗana, zakka ita ce ta uku cikin shika-shikan Musulunci guda 5. Tun a Makka ayoyi sun ambace ta, amma ba da ƙididdiga ba. A Madina aka ƙayyade ta, a shekara ta 2 bayan Hijira bisa zancen mafi yawan malamai, kuma Annabi (SAW) da kansa ya bayyana ma'aunin kowace dukiya, ya riƙa tura masu karɓa zuwa ƙabilu. Bayan wafatinsa a 632 wasu ƙabilun suka ce za su yi salla amma ba za su ba da zakka ba. Halifa Abubakar ya yi rantsuwa cewa ko igiyar dabaibayi suka hana, wadda a da suke bayarwa, sai ya yaƙe su, kuma ya yaƙe su ɗin. Adadin raƙuma, tumaki da awaki da za ka gani a ƙasa yana cikin takardar da shi Abubakar ya rubuta wa Anas ɗan Malik lokacin da ya aike shi Baharen. Haka ya gangaro har cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu.

Tambaya: Malam, manomi ne ni daga ƙasar Illela. Bana na samu gero dami 90, dawa dami 30, wake buhu 2. Akwai bashin taki a kaina. Iyayenmu sun saba fidda dami 1 cikin 10. Haka zan yi wa duka?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafin iyaye daidai ne, amma akwai matakin da ke gabansa: sai amfanin ya kai nisabi, wato mafi ƙarancin abin da zakka ke hawa kansa. Nisabin hatsi sa'i 300 ne, kowane sa'i mudun Annabi 4. A awon yau kimanin kilo 650 ke nan na tsabar da aka sussuke aka sheƙe, wato wajen buhu 6 da rabi na kilo 100, ko tiya 260 idan tiyar ta kilo 2 da rabi ce.

Dami ba ma'auni ba ne. Na wani gari yaro ma na ɗauka, na wani sai ƙato, kuma shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri zangarniya kan yi tsawo ba ido. Don haka ka zaɓi dami matsakaici, a sussuke shi, a auna. A ce ya ba da tiya 4. Geronka ya zama tiya 360, ya wuce nisabi, sai ka fidda dami 9 ko tiya 36. Kada ka tsinto ƙananan damman ka ware wa zakka.

Dawar kuwa, ko da kowane dami ya ba da tiya 5, tiya 150 ce kawai, ba ta kai ba. Kuma ba a haɗa ta da gero don a cika nisabi: gero jinsinsa daban, dawa daban, shinkafa daban. Waken ma bai kai ba, shi ma ba a zuba shi cikin lissafin hatsi. Abin da ake haɗawa shi ne gero da gero, ko da gona ɗaya na Illela ɗaya na Badagishiri.

Bashin taki ba ya rage komai. A wurin Malikawa bashi na sauke zakkar kuɗi, amma ba ya taɓa ta gona da ta dabbobi, kuma ba a cire kuɗin ƴan ƙwadago. Hasali ma damman da ka biya masu girbi da su, da wanda ka yi kyauta da shi tun a gona, duk sai ka mayar da su cikin ƙidaya. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, su ƙirga abin da ya shiga rumbu kawai. Ba a kuma jiran shekara ta zagayo. In gonar ta gado ce da ba a raba ba, rabon kowane magaji ake dubawa shi kaɗai. Wanda nasa ya kai ya fitar, wanda nasa bai kai ba babu komai a kansa.

Tambaya: Malam, albasa nake nomawa a Galmi da injin ban ruwa, ina kuma yin alkama kaɗan da rani.

Amsa: Albasa, tumatir, kabeji da sauran kayan lambu babu zakka a jikinsu a mazhabar Malik. In ka sayar, kuɗin ya kai nisabi, ya kuma shekara a hannunka, sai ka fidda zakkar kuɗi. Imamu Abu Hanifa yana ganin duk abin da ƙasa ta fitar a ba da nasa, kuma a ganinmu mai loda manyan motoci da albasa ya kamata ya dubi wannan zance da idon basira, tunda maƙwabcinsa mai buhun gero 7 yana fitarwa. Alkamar kuwa, in ta kai nisabi, 1 cikin 20 za ka bayar saboda wahalar inji da mai.

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni mace ce a Abalak. Ina da tumaki 26, awaki 19, da shanu 28, uku sun haihu bana. Dukkansu suna hannun makiyayi.

Amsa: Hajiya, zakka na kan mai dukiya, ba kan mai kiwo ba. Tumaki da awaki jinsi ɗaya ake ɗaukar su, naki sun zama 45. Daga 40 zuwa 120 dabba 1 ce wadda ta cika shekara, daga 121 zuwa 200 guda 2, daga 201 zuwa 399 guda 3, daga nan kowane 100 guda 1. Tunda tumakin sun fi yawa, tunkiya za ki bayar.

Shanunki da maruƙa 3 sun zama 31. Ana ƙirga ƴaƴan, kuma shekararsu ita ce ta iyayensu. Daga 30 zuwa 39 ana ba da ɗan maraƙi da ya cika shekara 2, in ba ki da shi sai ki saya. Daga 40 zuwa 59 saniya mace da ta cika shekara 3. Raƙuma nisabinsu 5 ne, kowane 5 tunkiya ko akuya 1, har su kai 25 sannan a fara ba da ƴar taguwa. Jaki da doki babu komai a kansu. Shanun huɗa da waɗanda ake turkewa a gida kuwa suna cikin ƙidaya a wurin Malik, ko da yake sauran mazhabobi sun cire su.

Kada a ba da gurguwa, ko mai ciwo, ko tsohuwar da haƙora suka zube. Ba a kuma tilasta miki ba da wadda ta fi kowace kyau, domin Annabi (SAW) ya gargaɗi Mu'azu ɗan Jabal a kan haka da zai tura shi Yaman. Dabarar nan ta raba garke wa ƴaƴa da baki ana gab da cikar shekara, an hana ta tun a takardar Abubakar, kuma ba ta sauke komai.

Tambaya: Malam, ina da shago a kasuwar Katako. Kuɗina duk suna cikin kaya. Wa kuma zan ba? Mahaifiyata na da buƙata, masallacin unguwarmu ma ba a gama shi ba.

Amsa: Alhaji, nisabin kuɗi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinariya, ko dirhami 200, kimanin giram 595 na azurfa. Ka tambayi farashin giram a ranar da za ka fitar. Na azurfa ya fi ƙasa ƙwarai, kuma bin sa ya fi amfanar talaka. Ka tsayar da wata ɗaya na Musulunci, kowace shekara ka yi wa kayan shago kuɗi a farashin kasuwa na ranar, ka haɗa da tsabar kuɗinka da bashin da kake sa ran za a biya ka. Ka cire bashin da ake bin ka, sai fa in kana da wata kadara da za ta iya biyan sa. Cikin kowace jika 40 a fidda jika 1, wato jika 25 a miliyan. Kanta, firji da babur ɗin kai kaya ba sa ciki. Shekarar wata kwana 354 ce. Mai bin kalandar bature yana jinkirta haƙƙin mutane da kwana 11 kowace shekara.

Masu karɓa kashi 8 ne, suna cikin aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma ginin masallaci ba ya cikinsu a mazhabar Malik. Mahaifiya mabuƙaciya ciyar da ita wajibi ne a kanka daga aljihunka, haka matarka da ƙananan ƴaƴanka, don haka ba a ba su. Ƙanenka, gwaggonka, ko maƙwabcin da bashi ya yi wa katutu, duk ana ba su, kuma mabuƙatan garin da dukiyar take su ake fara dubawa kafin a aika wani wuri.