Ruwan garau yake, amma murjanin yana koɗewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi mai cin lita 200 a gidana da ke unguwar Ƙofar Ƙaura a Katsina, inda nake kiwon kifayen teku huɗu da murjani mai rai, sha'awar da na ɗauko tun ina karatu a Malesiya. A shekarar farko ban taɓa tsallake mako ban canza ruwa ba, amma da hidima ta yi yawa sai na fara jinkiri. Yanzu wata biyar ke nan ban canza ba, ban kuma auna komai ba, idan ruwan ya ragu sai in cika da na rijiyar burtsatse. Ruwan garau yake, kifayen suna cin abinci, sai dai murjanin ya fara koɗewa, gansakuka ta rufe duwatsu, dodon koɗi biyu sun mutu. Wani abokina ya ce akwai masu shekara ba su canza ruwa ba, kuma lafiya lau. Ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ka riga ka faɗi dalilin da bakinka: wata biyar babu canji, babu awo. Abin da ya yaudare ka shi ne hasken ruwan, domin mafi yawan abubuwan da ke kashe murjani ba su da launi, ba su da wari. Tankin da aka yi wa sakaci ba ya nuna fushinsa a makon farko ko na biyu, shi ya sa mai kiwo yakan tsallake mako ɗaya ya ga babu abin da ya faru, sai ya tsallake wata guda, har ya ɗauka cewa aikin da yake yi a da wahalar banza ce.

Murjani dabba ce, ko da yake a ido ya fi kama da dutse ko tsiro. Jan murjanin da iyayenmu mata ke ado da shi ma ƙashin wani nau'insa ne da ake cirowa daga Bahar Rum. Irin wanda kake kiwo yana ɗauke da wasu ƙananan tsirrai a cikin jikinsa waɗanda ido ba ya gani, su ne ke amfani da haske su samar masa da mafi yawan abincinsa, su ne kuma ke ba shi launi. Idan ya takura, musamman saboda zafi, sai ya fitar da su, ya yi fari, daga nan yunwa ta kama shi. Haka ta faru ga babban tudun murjani na gaɓar Ostireliya, mai tsawon fiye da kilomita 2,300, a shekarun 1998, 2002, 2016 da 2017 da wasu bayansu, alhali ƙarin zafin digiri ɗaya kacal a kan wanda aka saba gani da bazara, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo hakan. Halittar da digiri ɗaya ke wahalarwa a cikin teku, kana iya ƙiyasta halin da take ciki a lita 200 a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin duwatsu su mayar da ita naitirayit, sannan naitiret. A teku yawan ruwa ke tafiya da wannan dauɗa, a tankinka kuwa babu inda za ta je, sai ta taru tare da fosfet, su biyun kuma taki ne ga gansakukar da ta rufe maka duwatsu. A daidai lokacin da dauɗa ke taruwa, murjanin yana zuƙe kalsiyam da kabonet daga ruwan yana gina ƙashinsa, saboda haka abin da ba a so yana hawa, abin da ake so yana sauka. Canjin ruwa yana rage na farko, yana kuma mayar da na biyu.

Inda na fi damuwa shi ne ruwan cikon. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, abin da ma'aunin gishirin ruwa ke nunawa 1.025 zuwa 1.026. Ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishirin yana nan. Idan tankinka ya rasa lita 20 a busasshiyar iskar hunturu kafin ka cika, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 39, idan ka zuba cikon gaba ɗaya kuma ya faɗo cikin minti biyu. Kifi yana iya jure wannan hawa da sauka, murjani da dodon koɗi ba sa jurewa. Sannan ruwan burtsatse, duk daɗinsa a baki, yana iya zuwa da naitiret, da fosfet, da ƙarfe, kuma duk abin da ya shigo da shi yana zama a tankin bayan ruwan ya tashi, ciko bayan ciko na tsawon wata biyar. Idan kuwa ya biyo ta kan famfon tagulla, ɗan abin da ya ɗebo na jan ƙarfe ya isa ya kashe dodon koɗi. Ciko ana yin sa kullum, kaɗan-kaɗan, da ruwan da aka tace da matatar RO, irin wadda masu ruwan leda ke amfani da ita, kuma ba a sa masa gishiri.

Maganar abokinka tana da ƙanshin gaskiya, amma rabinta ya faɗa maka. Akwai ƙwararrun da ke daɗewa ba su canza ruwa ba, sai dai suna awo a kai a kai, suna ɗiga kalsiyam da kabonet kowace rana bisa lissafi, suna da na'urorin cire dauɗa da suke wankewa a kan lokaci. Aikinsu ya fi naka na shekarar farko yawa. Mai sakaci yakan ji sashen da ya yi masa daɗi ya bar sauran, kuma ba na jin daɗin yadda wannan zance ke yawo a tsakanin sababbin masu kiwo, domin dabbobin da aka rabo da teku ne ke biyan kuɗinsa.

Kada nadama ta sa ka kwashe rabin ruwan a yini ɗaya, domin gyaran gaggawa yana iya ƙarasa abin da sakaci ya fara. Fara da awo. Gishiri 1.025, zafi digiri 25 zuwa 26, kabonet tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, naitiret ƙasa da miligiram 10 a lita, fosfet ƙasa da miligiram 0.1 a lita. Idan kayan awonka sun daɗe a ajiye cikin zafi, duba ranar lalacewarsu. Daga nan ka canza lita 20 kowane mako, wato kashi 10 cikin ɗari, da gishirin da aka haɗa musamman don murjani, ba gishirin miya ba. Lita 20 tana cin abin da ya ɗan haura giram 700, amma ma'auni za ka bi, ka bar haɗin ya kwana injin yana kaɗa shi, zafinsa kuma ya yi daidai da na tankin kafin ka zuba. Idan gishirin ya yi sama, kada ka sauke fiye da 0.001 a rana. Ka cire gansakuka da hannu, ka wanke soson tacewa da kofin na'urar da ke fitar da dauɗa ta hanyar kumfa duk bayan kwana uku ko huɗu, ka rage abinci, ka kuma riƙa rubuta sakamakon awo a littafi tare da kwanan wata. Kafin bazara ta shigo ka tanadi fanka da za ta riƙa hura saman ruwan ko na'urar sanyaya shi, ka haɗa injin kaɗa ruwa da inbata ko sola, domin idan wuta ta ɗauke ruwa ya tsaya, iskar oksijin tana ƙarewa cikin sa'o'i kaɗan. Murjanin da ya koɗe amma naman jikinsa yana nan yana iya dawo da launinsa cikin makonni ko watanni, wanda gansakuka ta hau kan ƙashinsa kuwa ya riga ya mutu, sai ka cire shi.

TAMBAYA: Ɗana ya tafi bautar ƙasa ya bar mini irin wannan tanki a Daura. Ina ba kifayen abinci sau uku a rana saboda tausayi, kuma nakan fesa maganin sauro a falon da dare. Akwai laifi?

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Sau ɗaya ko biyu ya wadatar, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu, domin ragowar ita ce ke ɓata ruwan. Maganin sauro na fesawa, musamman fiya-fiya, a daina shi a ɗakin gaba ɗaya, saboda yana sauka a saman ruwa, injin iska kuma yana zuƙo shi ciki, kaɗan daga cikinsa yana kashe kifi da jatan lande. A nisanta turaren wuta da tankin, a wanke hannu da ruwa zalla kafin a tsoma shi idan an shafa mai. Ki sa ɗanki ya faɗa miki iyakar da ruwan ya kamata ya tsaya, ki yi alama a jikin gilashin, ki riƙa cikawa zuwa wurin kowace safiya da tataccen ruwan da ba shi da gishiri, canjin mako-mako kuma ya nemo wanda ya iya ya riƙa zuwa yana yi har ya dawo.