Kafin ki fassara, me kika ci jiya da dare?

'Yar nan, saƙonki ya iso. Wai kina so ki ajiye littafi a gefen filo, kullum da safe ki rubuta abin da kika gani a barci, ki riƙa fassarawa da kanki don ki san halinki ki gyara rayuwarki, shi ne kike tambayar Goggonki yadda mutanen da suke yi. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don na san ku: abin da kuka rubuta da safe, kafin azahar yana Facebook.

Mu abin da muka taso muka ji a bakin malamai, mafarki uku ne. Akwai na bushara daga Allah, wanda hadisi ya ce yanki ɗaya ne cikin 46 na annabci. Akwai na firgitarwa daga Shaiɗan. Sai zancen zuci, abin da mutum ya yini yana saƙawa yana kwancewa. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, takan ƙara na huɗu wanda babu shi a littafi. Ta ce wanda ya cika cikinsa da ɗanwake ya kwanta rub da ciki, in ya ga ana binsa da gudu, kada ya ɗora wa aljani laifi.

Bari in ba ki labarin matar Baffanki babba. A 1973 ne, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, kuma shekarar farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa. Ina budurwa a lokacin. Baffanki ya tafi ci-rani Sabo ta Badun, ya bar ta da yara ƙanana. Wani dare ta yi mafarkin haƙoranta na sama sun zube a tafin hannunta. Da asuba muka tafi rijiya tare, ruwa ya yi nisa, layin guga ya yi tsawo, kin san kuma inda mata suka daɗe a tsaye ba a rasa zance. Ta faɗa wa wata maƙwabciya. Matar ta dafe ƙirji ta ce haƙorin sama ai namijin gida ne. Shi ke nan. Kafin hantsi ya dubi ludayi mata sun fara shigowa gidanmu da mayafi, ana "sannu, sai haƙuri", saura kaɗan a shimfiɗa tabarmar makoki a kan mutumin da ke can yana dako lafiyarsa lau.

Kaka tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ta ajiye mazari ta miƙe ta ce, "Wa ya mutu ban ji ba?" Ba wadda ta amsa. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Sai ta ja yarinyar cikin ɗaki, ni kuma na laɓe a bayan asabari. Ba ta ma tambayi mafarkin ba. Cewa ta yi, "Me kika ci jiya?" Ta ce kwaɗon tafasa. "Shekaranjiya fa?" Shiru. "Da me kika kwana a ranki?" Nan ta fashe da kuka. Ashe da yammacin ranar ta leƙa rumbu ta ga ƙasansa, damman gero da suka rage ba za su kai damina ba, kuma ta daɗe tana juye wa yara rabonta tana cewa ta ƙoshi. Kaka ta ce, "Yo mai kwana da yunwa ta ga haƙoranta sun zube, ai aikin yi suka rasa." Tana hawaye sai da ta yi dariya.

Duk da haka Kaka ba ta tsaya nan ba, bayan la'asar ta kai ta wurin limamin garinmu, suka durƙusa daga bakin zaure. Shi ma halin mai mafarkin ya fara tambaya. Ya ba su labarin Ibn Sirin na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira: mutum biyu suka zo masa da mafarki iri ɗaya, kowa ya ga yana kiran salla. Ya ce wa ɗaya zai yi hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, don ya dubi kamannin kowannensu, kuma kira ya zo a Alƙur'ani wajen hajji, ya zo wajen ayarin 'yan'uwan Annabi Yusuf da aka ce musu ɓarayi. Sannan liman ya ce mata, "Tunda a hannunki suka faɗo ba su taɓa ƙasa ba, gida yana hannunki. Alheri ne in Allah Ya so, ki yi sadaka." Aka dama kunu ɗan kaɗan aka ba almajirai. A daren Kaka ta haɗe tukwanen gidan, aka koma girki ɗaya. Baffanki ya dawo gab da shuka da buhun garin kwaki, kuma kin san shi da furfurarsa.

A hanyar dawowa daga wurin liman ne Kaka ta yi faɗan. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta ce Annabi Yakubu da kansa ya hana ɗansa ba 'yan'uwansa labarin taurari goma sha ɗaya da rana da wata, ga shi kuwa mafarkin alheri ne, balle ke da naki a bakin rijiya. Mummuna kuwa an riga an faɗi maganinsa: ki yi tofi ta hagu sau uku, ki nemi tsari daga Shaiɗan, ki juya ɗaya gefen, ki ja bakinki. Mai kyau ki faɗa wa mai ƙaunarki kawai.

Abin da ke damuna da ku yanzu, waya ba ta tambayar me kika ci. Ki rubuta maciji ta ce maƙiyi, haka za ta ce wa kowa. Littattafan fassara da ake sayarwa a kasuwa da sunan Ibn Sirin ma malamai da yawa sun ce ba shi ya rubuta su ba. Na ga gidan da yarinya ta daina cin abincin uwar mijinta don ta gan ta a mafarki tana miƙa mata nama. Dannau ya danne mutum sau ɗaya, sai a ce kishiya ce. A da ko alƙali ba ya karɓar mafarki shaida.

Littafin naki, to, ki saya in kina so, ban ce haramun ne ba. Amma na lura duk tsawon saƙonki ba ki faɗi mafarkin da ya tayar da maganar ba. In akwai wani yaro a ciki, istihara raka'a biyu ce da addu'a, ba dole sai an ga komai a barci ba, kuma babanki ake aikowa wurinsa. Ki zo da Sallah ki faɗa min a ɗaki, kada ki turo ta waya.