Rimot ɗin mota ya fara gardama: me za a duba kafin a sayi sabo?

"Ina da Hilux da nake ɗauko wake da gero da ita daga Dakoro zuwa Maradi. Tun da zafi ya shigo rimot ɗin ya canza hali. Da daga nesa nake buɗe ƙofa, yanzu sai na tsaya jikin mota na danna sau uku ko huɗu. Yaron gareji ya ce in sayi sabo. In saya?"

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Rimot ɗin da ke aiki daga kusa ya ƙi daga nesa, yawanci ƙaramin batirin cikinsa ne ya yi sanyi, wannan mai kama da kwabo da muke cewa pil. Ka buɗe shi a hankali ta tsagar gefe, ka karanta lambar da ke jikin tsohon. Da yawa CR2032 ne, wasu CR2016 ko CR1620, dukkansu volt 3 ne amma girmansu ya bambanta. Lambar ma ita ke nuna girman: 2032 na nufin faɗin milimita 20, kauri 3.2. In ka sa siriri a gurbin mai kauri zai riƙa motsi, yau ya kama gobe ya saki. Tafi da tsohon kanti, ka sayi na cikin kwalinsa a rufe, kada ka karɓi wanda ya sha rana a faifan mai talla. Wajen sawa ka lura da inda alamar + take kallo.

Tunda ka buɗe, duba cikin. Motar da ke bin hanyar Dakoro, ƙurar hunturu ba ta bar mata ko'ina ba. Za ka ga jan gari ya kwanta ƙarƙashin robar maɓallan, wani lokaci ƙarfen da ke danne batirin ya yi baƙi ko ya saki. Ɗan auduga da alkol ya isa, ka bari ya bushe sarai kafin ka rufe. Ina kuma roƙonka, ka daina ajiye makulli a kan tabulo, wato gaban mota ƙarƙashin gilashi, mota tana rana. A Afrilu da Mayu zafin Maradi kan wuce digiri 40 a inuwa, balle bayan gilashi.

In ka yi duk wannan bai canza ba, gwada ɗaya makullin. Shi ma in ya ƙi, laifin ba na rimot ba ne: a duba batirin motar da fiyus ɗin makullan ƙofa. In kuwa ƙofa ɗaya ce ke ƙi sauran suna buɗewa, ɗan injin cikin wannan ƙofar ne ya gaji.

"Tacoma ce da ni, 'yar Amurka. Rimot ɗina ya ɓata, na sayi wani a kasuwa, kamarsu ɗaya sak, har da tambarin Toyota. An sa sabon pil, ko motsi. An cuce ni ne?"

Ɗan'uwa, mai yiwuwa mai kantin ma bai sani ba. Kamar waje ba ta ce komai a nan. Rimot magana yake da mota ta rediyo, motocin da aka yi don kasuwar Amurka mafi yawa suna kan 315 MHz, na Turai da ƙasashe da dama suna kan 433 MHz. Wanda ke kan tasha ɗaya ba ya jin na ɗaya tashar, ko sau ɗari ka danna. Ko an dace da tashar, sai mai lantarkin mota ya haɗa na'urarsa ya yi wa rimot ɗin rajista kafin motar ta san shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka ce kana da makulli na biyu ba. Motoci da yawa na yanzu akwai ɗan guntun cip a kan makullinsu, in babu shi za a murɗa, injin ya ƙi tashi, ko da an yanka ƙarfen daidai. Ƙara makulli alhali kana da ɗaya mai aiki abu ne mai sauƙi. In duka sun ɓata, aikin ya koma na kwamfutar mota, kuɗinsa kuma wani ne daban. Don haka ka je da motar da kart giriz ɗinka, wato takardar mallakar motar, ku yi ciniki cewa ba biya sai ka ga ƙofa ta buɗe, injin ya tashi a gabanka. Wanda ka saya, mayar da shi ka nemi canji.

"Tawa mai maɓallin tayarwa ce. In pil ya mutu ina daji fa?"

Malam, akwai ɗan makullin ƙarfe ɓoye cikin rimot ɗin, zaro shi ka buɗe ƙofar direba. A motoci da yawa sai ka taka birki, ko ambireyaj, wato kuloci, in mai giyar hannu ce, ka manna rimot ɗin jikin maɓallin, sannan ka danna. Gwada shi yau a ƙofar gida, ka kuma sa ɗan mai a ramin makullin, don wanda aka shekara ba a murɗa ba ƙura kan toshe shi.