Zan cire miliyan biyu daga shago in buga littafin ƙanwata, me ka gani?

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan rubutu a Zariya ya aiko da tambaya. Ƙanwarsa ta rubuta labarin yara uku da suka gano wata ƙofa a kogon kuka, suka shiga wata duniya da ba wanda ya san da ita. Ya karanta ya ji daɗinsa, yana so ya cire naira miliyan biyu daga jarin shagon ya buga kwafi dubu uku.

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tsaya wa ƙanwarka. Ina so littafin nan ya fito, domin yaranmu na ƙishin irinsa. Tun da aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a 1934, Bahaushe ya nuna yana son labarin tafiya da abin al'ajabi. Amma kwafi dubu uku a bugun farko, da kuɗin da kake juyawa, ban goyi baya ba.

Yaro ne zai karanta, amma ba shi ne zai biya ba. Uba ne ko uwa, ko makaranta. Su za ka fara shawo kansu. Kuma labarin ɓoyayyiyar duniya yana da wurin da iyaye ke tsayawa su duba: in akwai aljanu ko tsafi a ciki, za su so su ga yadda aka bi da su. Kafin ka kashe ko sisi, ka fitar da kwafi kaɗan a kwamfuta ka ba malaman Hausa da wasu iyaye, ka kuma ba yaran da aka rubuta dominsu. Ka lura ko yaro ya kai ƙarshe ba tare da an matsa masa ba. Sannan ka tambayi masu makarantu kai tsaye, kwafi nawa za su ɗauka, a nawa. Ka yi wannan zagayen kafin dogon hutu, domin da Satumba ta zo sun riga sun gama tsara jerin littattafansu.

Mai maɗaba'a zai ce maka gwargwadon yawan bugu, gwargwadon sauƙin kowane kwafi. Gaskiya ya faɗa, tunda kuɗin faranti, wato farantin ƙarfen da injin ke buga shafi da shi, sau ɗaya ake biya. Abin da ba zai faɗa ba shi ne littafi ba biro ba ne. Biro yau ka saro, jibi ya ƙare. Kwalin littafi yana iya shekara biyu a lungu, gara da damina suna jiransa, shagon kuma yana kukan kaya. Ka nemi farashin buga kwafi 300 da 500 da 1,000 a wurare uku. Littafin Harry Potter na farko ma, labarin yaran nan da ya yi suna a duniya, da kwafi 500 masu kaurin bango kamfanin Bloomsbury ya fara a Ingila a 1997. A naku littafin, bango ya zama mai launi, zanen ciki baƙi da fari, domin shafi mai launi faranti huɗu yake ci.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Laburaren Ƙasa ake samu, kuma doka ta ce ka kai musu kwafi uku bayan bugu. In za ka kai kasuwar Kano, ka fara jin sharuɗɗan hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar.

Sai batun da 'yan uwa ke jin nauyin faɗa. Ku rubuta yarjejeniya, kai da ita, da shaidu: haƙƙin littafin nata ne, kuɗin bugu naka, a fara fitar da uwar kuɗi sannan a raba riba yadda kuka amince. Mai zane ma a rubuta da shi. Ka buɗe wa littafin nasa lissafin daban da na shago, kuma duk dillalin da ya ce ka ba shi ya sayar ya kawo kuɗi, kada ya wuce kwafi ashirin sai ya biya na farko.