Kamfanin tafiye-tafiye ya ɓata mana cin amarci, za mu iya neman diyya?

Assalamu alaikum Barista. Wata uku ke nan da aka ɗaura mana aure a Kano. Tun kafin biki na biya wani kamfanin shirya tafiye-tafiye Naira miliyan 4 da dubu 500 domin ni da amaryata mu yi kwana 7 a Zanzibar. A takardar da suka turo min ta WhatsApp an rubuta tikitin zuwa da dawowa, otal a bakin teku a Nungwi, karin kumallo da abincin dare, da motar da za ta ɗauke mu daga filin jirgi. Da muka sauka babu mota, wayar ejan kuma a kashe. Muka ɗauki tasi zuwa otal ɗin, aka ce ba a biya ko sisi da sunanmu ba. A kan kujerun wurin karɓar baƙi muka kwana, amarya na kuka, ko lallen hannunta bai goge ba. Washegari aka tura mu wani ƙaramin masauki cikin gari, nesa da teku, ruwan wanka sai a bokiti, abinci kuma daga aljihuna. Da muka dawo na je ofishinsu, manajan ya ce laifin abokin hulɗarsu ne na can, kuma a ƙasan rasit an rubuta ba a mayar da kuɗi. Ya ce in yi haƙuri, za su yi min ragi a tafiya ta gaba. 'Yan uwa na cewa in kai su wurin 'yan sanda. Mene ne mafita?

Wa'alaikumus salam, ango. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya. Wannan daren na farko shi ya fi tsaya min a rai, kuma za ka ga cewa doka ma ba ta kawar da kai daga gare shi ba. Kana da haƙƙi, kuma haƙƙin ya wuce ragin da manaja yake yi maka tayi.

Mu fara da zancen abokin hulɗa. Da wa ka yi ciniki? Wa ya karɓi kuɗinka? Idan kamfanin ne ya haɗa jirgi da otal da mota ya sayar maka a dunƙule, da sunansa, a kan farashi ɗaya, to shi ya yi maka alkawari, shi kuma zai amsa. Mutumin da suka wakilta a Zanzibar ba ka san shi ba, ba kai ka zaɓe shi ba. In ya ci amanarsu, wannan tsakaninsu ne. Abin da lauyansu zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne su dillalai ne kawai da suka haɗa ka da otal. Saboda haka ka sake karanta takardar da kyau. Amma ko dillali ne, wanda ya karɓi kuɗin ɗaki kuɗin bai isa otal ba, yana da bayanin da zai yi.

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, tana tare da kai. Sashe na 130 ya ce wanda ya karɓi aiki dole ya yi shi a kan lokaci, kuma da irin ingancin da mai hankali zai sa ran samu. In ya gaza, mai saye na da damar ya nemi a gyara, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa daidai da girman gazawar. Rubutun nan na "ba a mayar da kuɗi" kada ya tsorata ka. Sashe na 127 na dokar ya hana sharuɗɗan da ke cike da zalunci da rashin adalci ga mai saye. Ban da haka, sharaɗin da aka nuna maka a rasit bayan ka riga ka biya, da wuya kotu ta ɗaure ka da shi, domin ba ya cikin abin da kuka daidaita a kai. Kuma ai irin wannan sharaɗi an yi shi ne don mai fasa tafiya. Kai ba ka fasa ba, su ne suka kasa cika alkawari.

To me za ka nema? Na farko, bambancin da ke tsakanin abin da ka biya da abin da ka samu: kuɗin ɗakin bakin teku a cire kuɗin masaukin da aka jefa ku. Na biyu, duk abin da ya fita daga aljihunka wanda da bai kamata ya fita ba, wato tasi da abinci da kuɗin waya. Kotunanmu suna da tsanani a nan. Kowane kuɗi sai an rubuta shi dalla-dalla a takardar ƙara, an kuma kawo shaidarsa. Abin da babu rasit ko saƙon banki a kansa yakan zube. Gaskiyar da ba za ka so ji ba ita ce, da wuya a mayar maka da miliyan 4 da rabi gaba ɗaya, tunda kun hau jirgin kun je kun dawo.

Na uku shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba. A ƙa'ida, in an karya yarjejeniya kotu ba ta biyan kuɗin ɓacin rai. Amma tafiyar hutu ta fita daban, domin abin da aka saya shi ne jin daɗin kansa. A 1972 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Jarvis da kamfanin Swans Tours. Mutumin ya biya fam 63.45 don hutun mako biyu a Suwizalan, ya tarar da abin da aka tallata masa babu shi. Kotun farko ta ba shi kusan rabin kuɗinsa, amma Alƙali Lord Denning da abokan zamansa suka mayar da diyyar fam 125, kusan ninki biyu na abin da ya biya, saboda daɗin da aka hana shi. Bayan 'yan shekaru, a shari'ar Jackson da Horizon Holidays, an yi la'akari har da wahalar da matar mai ƙara da 'ya'yansa suka sha. Waɗannan hukunce-hukunce ba su zama tilas ga alƙalin Najeriya ba, amma lauyoyi na kafa hujja da su, alƙalai kuma na saurara. A ganina hujjarka ta fi ta Jarvis ƙarfi, in har kamfanin ya san tafiyar cin amarci ce. Hutun ƙarshen shekara ana iya maimaita shi baɗi, makon farko na aure kuwa sau ɗaya yake zuwa. Ka duba saƙonninku, in akwai inda ka faɗa musu amarya za ka kai, ka adana shi kamar zinare. Sai dai kada wani ya zuga ka ka nemi miliyan 100. Alƙalanmu na taka-tsantsan da irin wannan diyya, kuma buƙatar da ta wuce kima tana rage wa mai ƙara kwarjini.

Batun 'yan sanda: a'a, aƙalla ba yanzu ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda karya yarjejeniya kawai, kuma kotuna sun sha nanata cewa ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Wanda ya sa aka tsare wani a kan bashi yana iya wayar gari shi ake ƙara. Abin zai canza ne idan ta bayyana tun farko ba su da niyyar biyan otal ɗin, ko takardar kama ɗakin da suka nuna maka ta bogi ce. Wannan damfara ce, kuma laifi ne. Haka nan ka riƙe hannunka daga Facebook. Kalmar "ɓarayi" guda ɗaya na iya ba su damar shigar da ƙarar ɓata suna, su karkatar da zancen daga laifinsu zuwa naka.

Ragin nan da aka yi maka tayi, kada ka sa hannu a kan kowace takarda game da shi. Sau da yawa akan cusa layi ɗaya da ke cewa ka yafe duk wani haƙƙi.

Matakin farko shi ne wasiƙa daga lauya, mai ɗauke da abin da aka yi alkawari, abin da ya faru, adadin kuɗin da kake nema, da wa'adin kwana 14. Kafin a rubuta, a bincika rajistar kamfanin a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC don a san ainihin sunansa da wanda za a yi ƙara. Kamfanoni da yawa kan sauko a wannan mataki. In sun yi kunnen ƙashi, ka kai koke FCCPC, ba a biyan kuɗi, ka kuma aika kwafi ga ƙungiyar masu kamfanonin tafiye-tafiye ta NANTA in mambobinta ne. A Kano akwai cibiyar sulhu ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha, inda ake zama a daidaita a rubuta, yarjejeniyar kuma ta samu ƙarfin hukunci in alƙali ya amince da ita. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki, wadda ke da sauri, amma an yi ta ne don kuɗin da adadinsa ke a fili. In kana son har da diyyar ɓacin rai, lauyanka zai duba ko kotun da ta dace ita ce ta majistare ko Babbar Kotu. Wa'adin shigar da ƙarar yarjejeniya shekara 6 ne a wasu jihohi, 5 a wasu, amma shaida ba ta jiran wa'adi.

Kada ka sauya wayar da saƙonnin ke ciki, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da aka ciro su. Ka nemi bayanan asusunka daga banki, ka tara hotunan masaukin da bokitin. Yau ɗin nan ka aika wa otal ɗin Nungwi saƙon imel, ka roƙe su su tabbatar a rubuce cewa a ranar da kuka iso babu ɗakin da aka biya da sunanka.