Kaucin ɗorawa da fari-farin jikin bawo ba abu ɗaya ba ne

Ɗana, na ga saƙonka, wai me ya sa masu magani ba sa cewa kauci kawai sai sun ce kaucin ɗorawa ko na kaɗanya ko na tsamiya, kuma wai fari-farin nan mai kamar toka da ke manne a bawon itace shi ma kauci ne.

A'a ba shi ba ne, ko dangi ba su haɗa ba. Kauci tsiro ne sosai, yana da ganye, yana fure ja dogo kamar tsinken ashana, yana 'ya'ya masu danƙo, tsuntsu ya ci ya goge baki a reshe shikenan wani ya tsiro. Saiwarsa kuma ba ta taɓa ƙasa, cikin reshen take kutsawa tana shan ruwan itacen, shi ya sa iyayenmu suka ɗauka duk amfanin da ke jikin uwar itacen yana shiga cikinsa, dole a faɗi inda aka ciro. Kai ma in kauci ya yi yawa a lemon gidanka ai ka ga reshen na bushewa, don haka cire shi ba ɓarna ba ce, gyara ne.

Shi kuwa wancan fari-farin, halittu biyu ne suka haɗu, ɗaya dangin fumfuna da naman kaza, ɗayan gansakuka. Gansakukar ke haɗa abinci da hasken rana, ɗayan na riƙe danshi yana ba ta mafaka. Wani masani ɗan Suwizalan, Schwendener, shi ya fara faɗin haka a 1867, sai da aka jima kafin a yarda da shi. Ba fure ba saiwa, kuma ba ya tsotsar komai a jikin itacen, wurin zama kawai ya samu, shi ya sa za ka gan shi shimfiɗe a kan duwatsun Kufena na Zariya inda ko ƙasa babu. Da rani ya bushe ƙayau ka ce ya mutu, ruwan farko na sauka ya farfaɗo.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wannan na biyun, girmansa a shekara 'yan milimita ne, kuma ba ya son hayaƙi, duba itatuwan bakin titi wajen Kwangila a Zariya ka gwada da na cikin daji. Ga masu fasa dutse ga masu gawayi. A da mai sassaƙe gabas da yamma yake ɗiba ya bar sauran bawon, yanzu ana zagaye itacen duka a cika buhu, itacen ya mutu da duk abin da ke kansa.

In ka shigo Zariya ka leƙa lambun tsirrai na ABU a Samaru ka duba bawon manyan itatuwan da kyau. Ka gaida mamanka.